Ɗanyen Hoton Baba Alhaji

Ni Zinatu ba na iya magana a gaban mutane. Shi ya sa nake rubuta wannan a ɓoye. Abin da Yaya Taufiƙ ya yi, duk unguwarmu ta Ladjifarani, a nan Parakou, sun san rabinsa. Ni ce na san dukansa, don ni ke kai masa abinci shago.

Kakanmu na wajen uba, Baba Alhaji Muhammad Amin, yana Djougou. Ya haura shekara casa'in, tsohon mai fataucin goro ne. Ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Ko waya ka ɗaga ta wajensa, sai ya ja bakin rawani ya rufe fuska. To babbar 'yarsa, Goggo Khalida, tana Libreville, shekara goma sha tara ba ta zo gida ba, kuma ciwon suga ya fara cin idonta. Ba ta ganin abin da ke cikin waya, sai abu babba, kuma likita ya ce shi ma ɗan ganin ba zai daɗe ba. Ta aiko da saƙon murya tana kuka, ta ce a roƙar mata Baba ya zauna a yi masa babban hoto, ta ga fuskarsa kafin idon ya rufe. Ta ce tana so ta ga tsagarsa, uku a kowane kunci da bille ɗaya, da take ƙirgawa da yatsa tana yarinya. Shi kaɗai ya rage mai wannan tsaga a gidanmu.

Baba Alhaji ya yi kwana uku yana juya maganar. Sannan ya ce, "Sau ɗaya. Ba zan zauna sau biyu ba."

Ɗan Goggo Khalida, Usaini, ya zo ganin gida a lokacin, saura masa mako biyu ya koma. Shi zai tafi da hoton.

Daidai lokacin ne Yaya Taufiƙ ya dawo daga Cotonou da wata tsohuwar kamara mai dogon hanci. Kafin nan ya yi gyaran waya, ya yi kiwon kaji, ya yi koyar da tuƙi da motar da ba tasa ba. Yanzu ya raba shagon Idrisu tela biyu da labule, ya rataya allo a ƙofa: Studio International Taufiƙ.

Da ya ji maganar hoton sai ya miƙe tsaye a tsakar gida.

"Jikansa na nan, fotograf, a kira wani daga waje? Inna, ki gaya musu kawai."

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, hoto nawa ka taɓa ɗauka da abin nan?"

"Ba yawa ake dubawa ba, Inna. Ido ake dubawa."

"Idon Khalida nake dubawa ni."

"Hoton da zan yi, ko makaho ya tsaya gabansa sai ya yi sallama."

Ran Juma'a muka shiga mota zuwa Djougou, ni da shi, ni ce mai riƙon jaka. A hanya ya bayyana wa duk fasinjoji cewa hoto iri biyu ne. Akwai wanda kamara ke gamawa da kanta, ka gani nan take, ka tura wa kowa, wannan na 'yan koyo ne. Akwai kuma RAW, ɗanyen hoto, wanda ba ya buɗuwa sai a ordinatar, wato kwamfuta, da lojisiyel na musamman, wato manhajar buɗe hoto, kai da kanka za ka gyara haske da launi. Kamarar tana iya yin duka biyun a tare, amma a gabana ya kashe na 'yan koyon.

Na ce a hankali, "Yaya, in ka bar biyun fa?"

"Ke riƙe jaka."

An shimfiɗa wa Baba Alhaji buzu a ƙofar zaure. Ya sa farar riga, an ajiye masa kwandon goro a gefe. Ya kalle ni ya ce, "Matata, kin rame, ba sa ba ki tuwo a Parakou?" Sannan ya kalli Yaya, ya ɓare goro ya jefa a baki.

"Kai mai dogon hanci, in na gama tauna wannan na tashi."

"Baba Alhaji, a ɗan juyo hagu. A'a, hagun naka. A ɗaga haɓa. Souriez."

"Me ya ce?"

Goggo Nana Aisha, ƙanwar babanmu da ke riƙe da gidan, ta ce, "Wai ka yi dariya."

"In ya gama zan yi."

Yaya ya durƙusa, ya miƙe, ya hau turmi, ya sauko, ya kwanta rub da ciki. Ya danna sau uku. Na farko murfin kamarar na rufe. Na biyu akuyar gidan ta shigo tana neman goro. Na uku ne kawai ya kama, kuma ya kama da kyau, na gani a ɗan gilashin bayan kamarar: tsagar nan ras, tabon sallah baƙi a goshi, haƙoransa huɗu jajaye. Baba Alhaji ya tofar da tuƙar goro ya shige ciki.

Hoto ɗaya ke nan a duniya, yana cikin wani ɗan kati da bai kai farcen babban yatsa ba. Duk hanyar dawowa hannuna na kan aljihun jakar.

Ran Asabar aka sa kati a ordinatar. Ordinatar ɗin ma tsohuwa ce, batirinta ya mutu, da wayar wuta take rayuwa. Yaya ya tara 'yan zem, masu acaɓa da ke jiran fasinja a ƙofar shago, ya ce su zo su ga aiki. Ya danna. Wani farin akwati ya fito da rubutu.

Idrisu tela ya leƙo ta labule da allura a baki. "Direkta, Alhajin ne wannan? Ya yi fari."

"Cewa ta yi ba ta san irin fayil ɗin ba. Alama ce mai kyau. Hoton ya fi ƙarfinta."

"To kai shi labo, wajen masu wanke hoto na bakin kasuwa mana. Suna da lojisiyel na gaske, kullum suna sabunta shi, minti goma su buɗe maka."

"In kai musu aikina su koyi sirrina?"

"Wane sirrin, farin akwatin?"

Yaya ya ce zaɓen lojisiyel ba aikin tela ba ne, sai wanda ya san duniya. Ya sauke na farko, na kyauta. Tsoho ne, bai san kamarar ba, ya buɗe hoton amma Baba Alhaji ya fito kore shar, rigar ma kore, goron shuɗi.

Wani ɗan zem ya ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Yaya ya kori kowa.

Na biyu na gwaji ne, kwana bakwai ake ba ka. Wannan kam ya buɗe hoton da kyau, har na ji numfashina ya sauka. Da a nan ya tsaya da shi ke nan. Amma Yaya ya ce gwani ba ya barin hoto yadda ya same shi. Ya yi kwana uku yana jan wasu 'yan sanduna hagu da dama, ya ƙara haske, ya rage, ya ƙara. Da ya zo fitar da hoton sai ga sunan lojisiyel ɗin da manyan baƙaƙe a gicciye, daga kunnen Baba Alhaji na dama zuwa na hagu. Wai sai ka saya suke cirewa.

Idrisu ya ce, "Ba laifi. Khalida za ta ɗauka sabuwar tsaga ce."

"Malam Idrisu, ina shiga ɗinkinka?"

"Ɗinkina ba ya fita da sunan keke a ƙirji."

Inna ta ce masa ya sayi abin kawai ko ya je labo. Ya ce mai wayo ba ya sayen abin da ake samu a banza. Ya hau zem ya tafi unguwar Kpébié wajen wani abokinsa mai shagon intanet, ya dawo da na uku, na sata, a cikin kile, ɗan abin adana fayil da ake sokawa a ordinatar. Ya ce irinsa ake aiki da shi a gidajen talabijin.

Na ukun da wani rubutu ya zo, ba faransanci ba, ba larabci ba, wasu ƙugiyoyi da akwatuna. Yaya ya ce duk yare ɗaya ne ga wanda ya iya. Ya danna wani abu, Baba Alhaji ya koma kai ƙasa. Ya sake dannawa, ya zama su biyu suna kallon juna. Sannan ordinatar ta fara buɗe tagogi da kanta, talla bayan talla, har da na mata da ba su da kayan kirki. Ran Laraba da la'asar, Idrisu na sallah a bayan labule, ta ɓarke da kiɗa da kanta, da ƙarfi, Yaya na dannawa tana ƙarawa. Da Idrisu ya sallame sai ya zo ya ɗauki lasifikar ya saka a cikin kwandon ƙyalle ya zauna a kai.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ran Alhamis na ukun ya ce yana son mizajur, wato a sabunta shi. Abokin na Kpébié ya ce kada a kuskura a yarda, na sata ba a sabunta shi. Yaya ya ce abokin nan bai san kula da kayan aiki ba, lojisiyel kamar babur ne, dole a riƙa canza masa mai. Ya danna, wani dogon layi ya fara cika a hankali, ya fita waje yana gaya wa 'yan zem yadda Turawa ke yi. Ni kuma Inna ta ba ni wayarta in sa caji, gidanmu babu wuta tun safe. Na duba ralonj ɗin shagon, abin jona wayoyin wuta, duk ramukan a cike. Na zare wata baƙar wayar wuta da na ɗauka ta fanka ce.

Fanka ta ci gaba da juyawa. Gilashin ordinatar ya yi baƙi.

Na mayar da wayar da sauri, na zauna a kan benci, na sa hannuwana tsakanin gwiwoyi. Yaya ya shigo, ya kunna, ta ƙi, ya kunna, ta tashi da ƙyar. Lojisiyel ɗin ya mutu, duk gyaran da ya yi ya tafi. Ya fita titi ya zagi masu wuta tun daga kan manyansu har masu hawa falwaya.

Idrisu ya ce, "Ni dai kekena mai aiki da wuta bai tsaya ba."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Na kalli ƙasa. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, Inna ta ɗauka shawara ce ta jiƙa mini magani mai ɗaci, na shanye ban yi musu ba. Ina ta tunanin na kashe wa Goggo Khalida hoton babanta.

Ashe ban kashe ba. Ɗanyen hoton na nan a kati, akwai kuma kwafinsa a ordinatar, ko ƙwarzane babu. Wai haka yake, duk abin da ka yi masa a lojisiyel asalin ba ya canzawa. Yaya ya zagaya unguwa yana cewa, "Kun ga amfanin RAW? Da na 'yan koyo ne da yanzu ana kuka." Wannan karon gaskiya ya faɗa, kuma ni na fi kowa murna.

Saura mako ɗaya. Usaini ya bugo waya daga Djougou.

"Taufiƙ, Mama na tambaya kullum. Turo mini in gani ko a waya ne."

"Ba a ganin aiki kafin ya nuna, ɗan'uwa. Juma'a za ka gani tare da kowa."

Ran Litinin ya samo na huɗu. Wannan ya ce mai hankali ne, da kansa yake tunani, maɓalli ɗaya ne kawai, ka danna ya gyara fuska. Har wa yau na gwaji ne amma ba ya rubutu a kan hoto. Sai dai ƙato ne, ordinatar ta ce ba ta da wuri. Yaya ya goge waƙoƙinsa, ya goge fina-finai, ya samu ya shiga da ƙyar. Daga ranar ya ja labule ya hana kowa leƙawa, har Idrisu.

Ran Talata na kawo masa shinkafa da wake, na same shi ya jingina yana murmushi. Na kalli gilashin. Na ga farar rigar, na ga rawanin, na ga kwandon goro. A cikin rawanin akwai wani saurayi mai santsin fuska kamar an shafa masa man kaɗe.

Na daɗe a tsaye da kwano a hannu. Na ce, "Yaya, ina tsagar?"

"Wace tsaga? Lojisiyel ya gane tabo ne ya cire. Sau uku na danna, kowane dannawa yana rage shekara ashirin."

"Ai ita Goggo take so ta..."

"Zinatu, a aji nawa kika bar lekwal?"

Na miƙa masa kwanon.

"To ajiye abincin. Mace na fama da ciwo, a aika mata tsoho duk tamoji ta ƙara tayar da hankali? Wannan in ta gani sai ta warke. Kuma in na ji maganar nan a bakin Inna, na san inda ta fito."

Na ce a raina ba komai, asalin na nan, in aka ƙi wannan sai a koma masa. Da wannan na kwantar da hankalina.

Ran Laraba lojisiyel mai hankali ya ce shi ma yana son mizajur, kuma babu wuri. Yaya ya duba ya ga ɗanyen hoton ne ya fi kowane fayil nauyi. Ya ce an riga an gama da shi, ya goge. Da yamma 'yan ƙwallon unguwa suka ce ya zo ya ɗauke su, kati ya ce ya cika, ya wanke katin tas ya cika shi da hoton ƙafafun mutane. Ni ban sani ba sai da ya faɗa wa Idrisu da bakinsa, yana alfahari wai gwani ba ya tara shara.

Idrisu ya tsayar da keke. "Ka goge asalin?"

"Wanda ya fi asalin na hannuna."

"Direkta, ni ko wando na yanka ina ajiye ƙyallen sai mai shi ya gwada."

Na so in gaya wa Inna. Sau uku ina zuwa bakin madafa ina komowa.

Dole dai ya je labon bakin kasuwa don a buga babban. Mai labon ya kalli hoton ya ce, "Ango ne?" Yaya ya dawo yana gaya wa kowa cewa har masu labo sun sara masa. Aka sa hoton a katako mai ruwan zinariya, tsayinsa ya kai ƙirjina, ya naɗe shi da zanin Inna ya ɗaure da igiya.

Ran Juma'a muka koma Djougou, har da Inna, har da Idrisu da ya rufe shago ya ce ko a ƙafa ne sai ya je. Bayan an sauko daga masallaci aka taru a ƙofar zaure. Tsofaffin 'yan goro abokan Baba Alhaji sun zo, liman ya zo, dangi daga ƙauyen Sérou sun zo a kan babura, mata sun cika soro suna leƙe. Usaini ya riga ya ɗaure kayansa, da safe zai kama hanyar Cotonou.

Yaya ya sa kwat a cikin zafin nan. Ya jingina hoton a kujera ya fara jawabi. Ya ce lojisiyel huɗu ya gwada kafin ya zaɓi wanda ya dace da darajar gidan nan. Ya ce abin da za su gani ba a taɓa yin irinsa ba daga nan har teku. Ya shiga faransanci, ya fito, ya koma.

Baba Alhaji ya ce, "Kai, kwance zanin uwarka mu gani."

Ya kwance.

Na ji kukan akuya a bayan gida. Liman ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wani tsoho ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

Goggo Nana Aisha ce ta fara. "Wannan wane ne?"

"Baba Alhaji ne, Goggo. An ɗan gyara shi."

"An gyara shi ko an canza shi?"

Tsohon nan mai leƙe ya ce, "Na san Muhammad Amin tun muna ɗaukar huhun goro a ka. Ko a lokacin bai kai wannan kyau ba."

"Kuma yana da tsaga," in ji wani.

"Haƙora nawa ne a nan? Ku ƙirga mini, idona ba ya kaiwa."

Idrisu ya ce, "Sun cika, Baba. Har da na ajiya."

Dariya ta fara daga cikin soro wajen mata, ta fito waje. Usaini kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Taufiƙ, Mama ɗan ganin da ya rage mata za ta kashe a kan wannan? Ta ce mini tsagar za ta fara nema."

Baba Alhaji ya ce a matso masa da hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa kuncinsa, ya kai kuncin hoton. Sannan ya taɓa goshin saurayin.

"Ina tabon?"

Yaya ya ce, "Lojisiyel ɗin ne ya ga kamar datti..."

"Shekara tamanin ina kai goshin nan ƙasa. Kai kuma ka goge da yatsa ɗaya. To wannan yaron da ka sa wa rigata, ba ya sallah, ba ya cin goro, ba ɗan gidan nan ba ne, me yake yi a kan buzuna?"

Dariyar ta tsaya. Yaya ya fara zufa har ta ɓullo ta bayan kwat.

Goggo Nana Aisha ta ce, "Ba komai. Kawo na asalin, wanda ka ɗauka ran nan, a buga shi yau."

Yaya ya kalli Inna. Inna ta kalli gefe. Ya ce ai fasahar zamani tana da matakai. Ya ce ordinatar ce ba ta da wuri. Ya ce masu wuta ma suna da laifi. Ya ce akwai wani lojisiyel na biyar da ke dawo da abin da aka goge, in aka ba shi mako ɗaya.

Idrisu ya ce, "Ya goge. Katin ma ya wanke, 'yan ƙwallo ne a ciki."

Usaini ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ni kuma na fara kuka ba sauti, don na san Baba Alhaji ba ya mayar da magana, duk Djougou an san shi da haka. Goggo Nana Aisha ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, don Khalida." Bai kalle ta ba. Ya ɓare goro ya tauna, ya tauna, mutane na tsaye.

Sannan ya ce, "Akwai mai hoto a garin nan?"

Aka ce akwai Madam Rachida ta kusa da tasha, mai yi wa mutane hoton katin shaida, tana buga manya ma.

"A kira ta. Na ce ba zan zauna wa hotona sau biyu ba, kuma ba zan zauna ba. Wannan hoton na Taufiƙ ne za a ɗauka. Ni zama kawai zan yi a gefensa."

Madam Rachida ta zo a kan babur da goyo a baya da wata 'yar ƙaramar kamara a jakar hannu. Baba Alhaji da kansa ya tsara. Shi a kan buzu. Yaya Taufiƙ a durƙushe a damansa, da kwat ɗinsa, ya rungume ƙaton hoton saurayin yana fuskantar gaba.

Yaya ya ce, "Baba Alhaji, a bar ni in koma bayan kamara, in nuna mata saitin..."

"Riƙe yaronka da kyau, yana zamewa."

Madam Rachida ta ce a kalle ta. Yaya ya buɗe baki ya ce, "Madam, a RAW za ki..." Ta danna. Haka ya fito, baki a buɗe. Baba Alhaji kuwa ya yi dariyar da ya ce zai yi, haƙoran nan huɗu duk a waje, tsagar ta fito har ana iya ƙirgawa daga nesa. Kafin magariba ta kawo shi a buge, babba, Usaini ya sa shi tsakanin kwali biyu ya ɗaure.

Bayan kwana huɗu saƙon Goggo Khalida ya iso. Goggo Nana Aisha ta kunna wa Baba Alhaji, ta turo mana mu ma. Goggo Khalida ta ce ta fitar da hoton rana, ta gani, ta bi da yatsa, uku, uku, da bille. Ta yi addu'a mai tsawo. Can ƙarshe ta ce, "Mai buɗaɗɗen bakin na gane shi, Taufiƙ ne, kamar babansa. Amma kyakkyawan yaron da yake riƙe da shi, ɗan wa ne? Ban san shi a dangi ba."

Goggo Nana Aisha ta tambayi Baba Alhaji me za a ce mata.

Ya ce, "Ku ce ɗan Taufiƙ ne. Shi ya haife shi, shi zai riƙe shi."

Aka aiko mana da hoton saurayin zuwa Parakou a saman mota, da saƙon cewa a rataya shi a shago, in aka sauke shi, Baba Alhaji zai ji. Idrisu ne ya buga ƙusar. Yanzu duk ɗan zem da ya tsaya a ƙofar sai ya leƙo ya gaida Yaya, ya ce ya mai jego, yaron ya fara sallah kuwa?